Fitila a Gonar Furanni: Tarko Ce ko Gayyata?

Wasiƙu uku suka zo mini wannan watan a kan magana ɗaya, wato fitilar kama ƙwari. Na haɗa su wuri guda. Ta farko ce za ta fi cin fili, domin amsarta ta shafi sauran biyun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malamin Gona. Ina zaune a Bukur, kusa da Jos. Shekara huɗu ke nan ina noman furanni a filin da mahaifinmu ya bar mana, wardi da kirisantimum da ɗan giladiyolas, ina aika wa masu ƙawata wuraren biki a Abuja. Bana tsutsa ta shiga mini. Sai in bar ƙullin fure lafiya lau da yamma, da safe in tarar an huda shi ta gefe, in na ɓare in ga koriyar tsutsa a kwance a ciki. Na yi feshi sau uku ba ta bari ba. Wani ya ce in sayi fitilar sola mai kama ƙwari. Na saya, na kafa ta a tsakiyar kunyoyi, tana ci tun magariba har asuba. Kullum daro cike yake da ƙwari, amma ɓarnar ba ta ragu ba, ina ma ganin ta fi yawa a kusa da fitilar. Sannan kirisantimum ɗin da ke gefenta tsawo kawai yake yi, ya ƙi ƙulla fure. Me na yi ba daidai ba? Daga 'yarka a Bukur.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya sa wa nema albarka. Kin yi bayani kamar ina tsaye a bakin kunyar, don haka zan gaya miki kai tsaye: inda kika kafa fitilar da tsawon lokacin da kike barin ta a kunne su ne suka cuce ki. Akwai kuma abin da mai ba ki shawara bai faɗa miki ba, shi ne iyakar abin da fitila za ta iya yi.

Mu da muka tashi a ƙauye mun san wannan tarko tun kafin a ƙera na sayarwa. In ruwan farko ya sauka, daren nan gina ke fitowa, wasu su ce shinge. Sai mu ɗauko daro mu zuba ruwa, mu ɗora fitilar ƙwai a kan dutse a tsakiyarsa. Kafin a idar da sallar isha'i ruwan ya rufe da fukafukai. Manoman gero a Nijar ma suna hura wuta da dare a gefen gona don wani ɗan buzuzu mai cin furen zangarniya ya afka ciki. Bahaushe bai raɗa wa malam-buɗe-littafin dare suna faɗa-wuta a banza ba. To fitilar da kika saya daron nan ne na yarinta, an dai sa masa batir da faifan sola.

Bisa kwatancenki, tsutsar nan ita ce wadda masana ke kira Helicoverpa armigera. Ita ce dai mai huda tumatir da kuɓewa da ƙwallon auduga, kuma launinta yakan canza daga kore zuwa ruwan ƙasa. Uwarta faɗa-wuta ce mai launin ƙasa-ƙasa, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba. Da dare take yawo, tana ajiye ƙwai ɗai-ɗai a kan ƙullin fure da sabon toho, kuma mace ɗaya tana iya zuba ɗaruruwa, har ta haura 1,000. A lokacin ɗumi ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 3 zuwa 4. Ƙaramar tsutsar ta ɗan yi kiwo a waje, sannan ta huda ta shige. Da zarar ta shige, feshi ya zama ihu bayan hari, domin ganyen furen ya zame mata bargo. Shi ya sa feshinki uku suka tafi a iska. Bayan mako biyu zuwa uku tana ci, sai ta sauka ta shiga ƙasa, ta fito da fukafukai, a sake sabon lale. Duk zagayen wata ɗaya ne ko ɗan fiye.

Kin ga ke nan fitila ba ta kama tsutsa, iyayenta take kamawa. Su ma ɗin ba duka ba. A yawancin irin waɗannan ƙwari maza sun fi faɗawa tarkon haske, kuma da yawa daga matan da ke faɗawa sun riga sun sauke wani kaso na ƙwansu. Cikar daro ba ita ce shaidar gona ta tsira ba.

Sai maganar ɓarna da ta fi yawa kusa da fitila. Idonki bai yaudare ki ba. A farkon 2024 wasu masu bincike, cikinsu har da na Kwalejin Imfiriyal da ke Landan, suka fitar da sakamakon hotunan bidiyo masu saurin gaske da suka ɗauka na ƙwari a kewayen fitila. Abin da suka gani shi ne ƙwaron ba wai son hasken yake yi ba. Ɗabi'arsa ce ya juya wa wuri mafi haske baya, domin a daji sama ce ta fi haske, da haka yake gane ina ne sama ina ne ƙasa. In ya zo kusa da fitila sai ya ɗauke ta a matsayin sama, ya yi ta kewaya ta, ya kasa fita. Wasu su faɗa ruwa. Wasu kuwa, kuma ba kaɗan ba ne, su gaji su sauka a kan shukar da ta fi kusa. In mace ce mai ciki, a nan za ta sauke. Wato kin tara su, kin kuma shimfiɗa musu tabarma a kan wardinki.

Ni ma na taɓa yin wannan kuskuren, kuma har yau yana yi mini ciwo. Ina sabon ma'aikaci aka tura ni wata gonar furanni a wajen Vom. Na kafa fitila a tsakiyar fangalin kaneshan, kullum da safe ina nuna wa mai gonar daro ina murna. Bayan kamar kwana goma sha biyu, wata tsohuwa da ke yankan fure a wurin ta kira ni, ta ɗauko kwando ta zube a gabana. Ƙulle-ƙullen fure ne, kowanne da 'yar ƙofa a gefe da baƙin kashin tsutsa a bakinta. Ta ce, "Malam, duk daga gindin fitilarka na tsinko su." Na bi layin da ƙafata, na tarar gaskiyarta: taku biyar zuwa shida daga sandar fitila ɓarnar ta yi muni, can nesa kuwa sai jefi-jefi. Mutumin nan ya rasa yankan mako guda saboda shawarata.

Don haka abu na farko, tun yau ki tuge sandar daga cikin furanni. Ki kai ta waje, kamar taku goma sha biyar zuwa ashirin daga kunya ta ƙarshe, ta ɓangaren da ke fuskantar ciyawa ko gonar tumatir ko masarar maƙwabta, domin daga can baƙin ke shigowa. Ki tare gefen da ke kallon gonarki da guntun kwano ko katako, hasken ya fuskanci waje. Tsayin fitilar ya ɗan ɗara kan shuka kaɗan, daron kuma ya zauna a ƙarƙashinta da tazarar da ba ta wuce kamu ɗaya ba. Ruwa rabin daro ya isa, a barbaɗa ɗan garin sabulun wanki don ƙwaro in ya faɗa ya nutse. Na san wasu na zuba kananzir ko baƙin mai. Ban yarda da shi ba, saboda ƙarshenta a ƙasar gona ake zubar da ruwan.

Na biyu, ki daina barin ta har asuba. Ki kunna da magariba, ki kashe wajen ƙarfe goma. A waɗannan sa'o'in farkon dare ne yawancin masu yi miki ɓarna ke tashi, abin da ya biyo baya asararsa ta fi ribarsa. Gobe da safe, kafin ki zubar da ruwan, ki tace shi da rariya ki baje abin da ke ciki a kan farin buhu. Ki duba da kyau. Za ki ga wani ɗan ƙwaro kore shar, siriri, mai fukafukai kamar leshi da idanu masu ƙyalli kamar zinariya. 'Ya'yan wannan su ne ke cinye darɓa da ƙwan tsutsa. Za ki ga 'yan ƙananan zanzaro masu siririn ƙugu, waɗanda ke saka ƙwansu a jikin tsutsa su kashe ta. Za ki ga buzuzun da ke binne kashin shanu yana gyara ƙasa. Waɗannan ma'aikatanki ne da ba kya biya, kuma kowane dare fitilar na nutsar da su tare da ɓarayin. Kada garin neman gira a rasa ido. A Indiya har an ƙera tarkon da ba ruwa a cikinsa: mazurari ne a ƙarƙashin fitila, yana zuba ƙwari cikin wani akwati mai ƙananan huji, ƙananan masu amfani su sulale su fice, manyan faɗa-wuta su maƙale. Mai walda na unguwarku zai iya yi miki irinsa da bokiti da ragar waya. Da safe ki saki na saki, ki kashe na kashewa.

Kada ki sa hannu tsirara a daron. Hangara na zuwa haske, ruwan jikinta kuma yana tayar da bororo a fata. Saboda ita ne ma ba na son a zuba wa kaji abin da aka kama, domin gubarta ba ta mutuwa don ta mutu. In kuma akwai amyar zuma kusa, ki nisanta fitilar da ita.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Babban amfanin fitilar nan gadi ne. Ki sami ɗan littafi. Kowace safiya ki ƙirga faɗa-wuta masu launin ƙasa da kika samu, ki rubuta kwanan wata da adadi. A ce kina samun uku, biyar, huɗu, sai wata safiya kika ga talatin. Wannan ita ce sanarwar cewa sabon zubi ya fito daga ƙasa, kuma cikin daren nan da na gobe za a cika miki gona da ƙwai. Kina da kwana uku zuwa huɗu kafin su fashe. A ranakun nan ne ake aiki: a bi ƙullin fure ɗaya bayan ɗaya da sassafe, a nemi ƙwan, fari-fari ne mai ɗan rawaya, bai kai ƙwayar gero ba, a murje shi. Duk ƙullin da aka riga aka huda a tsinke shi a binne da zurfi ko a ƙone, kada a yar a gefen kunya. Sannan a yi feshi tun tsutsar tana ƙarama tana waje. 'Ya'yan dogonyaro da aka daka, kamar giram 50 a litar ruwa ɗaya, a jiƙa su kwana, a tace da ƙyalle, suna hana ta ci. Akwai kuma maganin da ake kira Bt a shagunan kayan gona, wata ƙwayar halitta ce da ke kashe tsutsa in ta ci ganyen, ba ta taɓa zuma ko mutum. Da yamma ake fesa shi, don rana na kashe ƙarfinsa. Ki fara gwada kowane feshi a kan 'yan furanni kaɗan, musamman farare, ki ga ko zai bar tabo, tunda ke kyau kike sayarwa.

Wannan ƙirga ba ƙaramin abu ba ne. A tashar binciken noma ta Rotamsted a Ingila an fara kunna tarkon haske ana rubuta abin da ya kama tun 1933, daga baya aka baza irinsa a faɗin ƙasar, kuma har yau ana yi. Abu ɗaya dai za ki kiyaye: lokacin farin wata, daga wajen sha biyu zuwa sha bakwai ga wata, kamun yana raguwa sosai domin hasken sama ya rage wa fitila kwarjini. Kada ki ga daro ya yi sauƙi a ranakun nan ki ce an tafi. Iska mai ƙarfi da sanyin Jos na hunturu ma suna rage shi.

Irin ƙwan fitila ma yana da magana. Idon waɗannan ƙwari ya fi ganin haske mai ruwan shuɗi da wanda ke gaba da shi, wanda idonmu ba ya gani sosai. Shi ne irin na 'yar fitilar da ake haska takardar kuɗi don gane jabu. Farar fitilar sola ta ɗaki tana kamawa amma ba kamar wannan ba, mai ruwan ɗorawa kuwa ta fi kowacce rauni. Sai dai ki yi hattara da mai kama da ita da ake kashe ƙwayoyin cuta da ita a asibiti da wurin tace ruwa. Waccan tana ƙona ido da fata, ba ta gona ba ce. In kin sami ta gaskiyar, ki riƙa duba ƙasa kafin ki taka, za ki ga kunama tana ƙyalli kore-kore a ƙarƙashin hasken. Takan zo cin ƙwarin da suka zube, kwaɗi su zo, maciji ya biyo kwaɗi. Ki sa takalmi rufaffe.

Kirisantimum kuwa bai yi cuta ba, kuma ba taki ya rasa ba. Shuka ce da ke auna tsawon dare. Ba ta ƙulla fure sai ta riƙa samun dogon duhu wanda ba a katse ba, kusan rabin yini da dare. Ko ɗan haske ne ya ratsa tsakiyar daren, sai ta ɗauka lokaci bai yi ba, ta ci gaba da tsawo. Manoman furanni a Holan da gangan suke amfani da wannan: su kunna fitilu da dare har kara ya kai tsawon da kasuwa ke so, sannan su kashe, su ja baƙin labule, gonar ta ƙulla fure lokaci guda. Ke kin yi rabin farko ba da niyya ba. Ki ɗauke hasken, cikin 'yan makonni za ki ga ƙulli, kuma mai yiwuwa ki sami dogon kara da masu ado za su so. Wardi bai damu da wannan lissafin ba.

Akwai wata dabara da ta burge ni, ko da yake sai mai wadatar lantarki. A Japan manoman kaneshan da wardi suna kunna fitilu masu ruwan ɗorawa duk dare, ba don kamawa ba. Hasken yana sa idon faɗa-wuta ya koma yanayin rana, sai ta lafe, ba ci, ba barbara, ba ƙwai. Da aka ga yana hana kirisantimum fure sai aka koma gwada koren haske a irin waɗannan shuke-shuken.

Kafin in bar ki: in kin ga gefen furen wardi ya yi kamar an ƙona, ko ganye ya yi ɗige-ɗige da saƙa a bayansa, ko farin ƙuda na tashi in kin girgiza reshe, fitila ba ta da abin yi a nan. Jan gizo, ɗan mitsitsin da ke yin saƙar nan, ba ya ma tashi. Farin ƙuda da darɓa mai fukafukai da rana suke yawo, kuma launin rawaya ke jan su. Ki yanka tsohuwar jarkar man gyaɗa mai ruwan ɗorawa, ki shafe ta da giris ko man shafawa mai kauri, ki rataye daidai kan shuka. 'Yan siraran ƙwarin nan da ke ɓuya cikin fure suna kankare shi sun fi zuwa wa shuɗi. Manyan gonakin wardi na bakin tafkin Naibasha a Kenya, da ke fama da wata ƙaramar faɗa-wuta da Tarayyar Turai ke mayar da kaya saboda ita, sun fi dogara da raga mai rufe gidan shuka da tarkon ƙamshin mace, wanda ke jan mazan iri ɗaya tak ba ya taɓa kowa. In kin sami na Helicoverpa a shagon kayan gona, ki haɗa shi da littafinki, ƙirgarki za ta fi tsabta.

TAMBAYA: Malam, ni manomin zoɓo ne a ƙasar Gumel. Shin fitilar nan za ta yi mini amfani a gona? Kuma in na rataya ta a sito za ta kashe ƙwaron da ke shiga buhu? Daga wani ɗan'uwanka a Jigawa.

AMSA: Alhaji, Allah ya ba da damina mai albarka. A gona za ta nuna maka zuwan tsutsotsin da yakuwa ke tarayya da auduga da kuɓewa a kansu, mai naɗe ganye da mai huda ƙwallo, domin iyayensu duk 'yan dare ne. Amma ɗan ƙwaron nan mai tsalle da ke mayar da ganye kamar rariya da rana yake aikinsa, fitila ba za ta gan shi ba. Ka kuma karanta abin da na gaya wa 'yarmu ta Bukur game da kirisantimum, domin zoɓo ma haka yake. Ka lura ko ka yi shuka da wuri ko ka ɗan makara, ba ya fure sai rana ta fara gajarta wajen ƙarshen damina. Dare yake aunawa. Haske a tsakiyar gona duk dare zai iya jinkirta maka furen da ke kewaye da shi, ruwa ya ɗauke kafin ya cika. A gefe za ka kafa, ka kashe da wuri.

Sito kuwa, a'a. Ƙwaron da ya sa Meziko, wadda ita ce babbar mai sayen zoɓon Nijeriya, ta taɓa dakatar da karɓar kayanmu shi ne wanda ake kira kafra. Yana da fukafukai amma ba ya tashi, 'ya'yansa kuma masu gashi-gashi suna maƙalewa a tsagar bango da ɗinkin tsohon buhu, su yi wata da watanni, har shekaru, ba ci suna jira. Ba fitilar da za ta fito da su. Maganinsa a share sito ƙal kafin sabon kaya ya shiga, a liƙe tsagogi, a bar zoɓo ya bushe ƙayau, a zuba a sabon buhu, kada a haɗa shi ɗaki ɗaya da tsohon hatsi ko gyaɗa. Turaren gubar da ake yi wa kayan fitarwa kuma aikin masu lasisi ne, kada ka sayi ƙwayar ka jefa a ɗakin da ke jikin wurin kwana. An rasa rayuka ta haka.

TAMBAYA: Baba, ina sayar da shukokin ado a bakin titi a Kaduna, a nan nake kwana ina gadi. Na ga wata fitila mai ragar lantarki da ke ƙona ƙwari tana ƙara ƙas-ƙas. In na saya za ta kare mini shuka ta kuma rage sauro? Daga ɗanka.

AMSA: Ɗana, riƙe kuɗinka. A 1996 masu bincike a Jami'ar Delawa ta Amurka suka wallafa ƙirgar abin da irin wannan fitila ta kashe a wasu gidaje cikin bazara ɗaya: ƙwari 13,789, amma masu cizo a cikinsu, sauro da danginsa, 31 kacal. Sauro numfashinka da warin jikinka yake bi, haske bai dame shi sosai ba. Shukokinka kuma a cunkushe suke wuri ɗaya, ba ka da filin da za ka nisanta fitilar, duk abin da ta jawo a kansu zai sauka. Tukwanenka ba su fi ƙarfin ido ba: ka riƙa ɗaga ganye kana duba bayansa safe da yamma, ka tsince abin da ka gani, ka wanke darɓa da ruwan sabulu mai sauƙi. Kuɗin fitilar ka sayi gidan sauro mai magani, ka kuma kife duk tukunya ko gwangwanin da ruwa ke kwana a ciki, domin a nan saurayen da ke cizonka suke haihuwa.